Daga ɗan gida zuwa manhajar kwamfuta: tafiyar kalmar "liber"

A tsohuwar daular Rum, idan aka ce mutum liber ne da harshen Latin, ana nufin ɗa ne, ba bawa ba. Jam'in kalmar, liberi, shi ne kuma sunan da maigida ke kiran 'ya'yan cikinsa da shi, domin a tsakar gida guda sai ka ga yara biyu suna wasan ƙasa, wannan magaji, wancan dukiya. Bahaushe ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mu ma "ɗa" muke ce wa wanda muka haifa, "ɗa" muke ce wa wanda ba a mallake shi ba, daga nan kuma 'yanci da ɗiyauci suka samo asali. Hausa da Latin ba su haɗa kaka ba. Zaman gida mai bayi ne ya bi da su hanya ɗaya.

Bawan da aka 'yanta sunansa libertus. Akan aske masa kai, ya sa wata 'yar hular ulu da ake kira pileus, kowa ya gan shi a kasuwa ya san ya fita daga hannun ubangidansa. Wannan hular ce Brutus, wani ɗan majalisar Rum, ya sa aka buga a jikin kuɗi a shekara ta 42 kafin miladiyya, tsakanin wuƙaƙe biyu, tare da ranar da shi da abokansa suka kashe shugaban Rum, Julius Kaisar. A ganinsa Rum baiwa ce da ya 'yanta. Ka ga kalmar ta tashi daga cikin gida ta shiga siyasa ke nan.

Da Latin ya rarrabu, kowane harshe ya ɗauki gadonsa: Faransanci da Sifaniyanci libre, Italiyanci libero, harshen Fotugal livre. Akwai wani tarko a nan. Latin yana da wata liber ɗin mai gajeren wasali, ma'anarta ɓawon itace, daga baya ta koma littafi, kamar dai yadda "gari" na zama da "gari" na tuwo suke rikita mai koyon Hausa a rubuce. Shi ya sa livre a Faris littafi ne, a Lisbon kuwa mai 'yanci.

Abin da ya fi burge ni shi ne Rumawa suna da kalma ta daban ta rashin biyan kuɗi, ban da ta 'yanci. Na kyauta gratis ne, daga gratia, wato abin da godiya kaɗai ce ladansa. Har gobe jikokin Latin suna riƙe da wannan bambanci. Wanda ya zauna Yamai ko Maraɗi ya san idan an rubuta entrée libre a ƙofar kanti, cewa aka yi ka shigo ka duba ba tilas ka saya. Kada ka ɗauki kaya ka fice, sai an rubuta gratuit.

Masu ƙirƙirar harsuna sun tarar da wannan gado a shimfiɗe. Ludwik Zamenhof, likitan idon da ya fitar da harshen Esperanto a birnin Waso na ƙasar Poland a 1887, ya kauce wa tarkon nan: libera mai 'yanci, libro littafi. Na kyauta kuwa senpaga, wato "ba biya". Dabararsa ta ɗafa mal- a gaban kalma don juya ma'ana ta haifar da mallibera, wanda ke tsare, da malliberejo, gidan yari, a zahiri "wurin kishiyar 'yanci". Interlingua, ita ma ƙirƙirarren harshe, wadda ta fito a 1951, ba ta wahalar da kanta ba, ta kwaso libere da gratuite yadda suke.

Turanci ne ya rasa wannan rabo, don free ɗaya ce ke ɗauke da kaya biyu. Bayan Richard Stallman, wani mai haɗa manhaja, ya fara aikin GNU na samar da manhajar kwamfuta mai 'yanci a 1983, ya sha fama wajen fahimtar da mutane cewa manhajar da yake magana a kai ita ce wadda kowa ke da damar dubawa, ya gyara, ya rarraba, ko da an saye ta da kuɗi. Dole aka koma aron libre daga Faransanci da Sifaniyanci. Da wasu masu haɗa manhaja suka ɓalle daga OpenOffice, wata manhajar aikin ofis, a 2010, sunan da suka raɗa wa tasu shi ne LibreOffice.