Ziyarar ƙaramar gonar giyar inabi a Stellenbosch: tambayoyi da amsoshi

Ina wurin yake, kuma me ya bambanta gonar iyali da babbar gona?

Stellenbosch na kimanin kilomita 50 gabas da Cape Town, a Afirka ta Kudu. Gwamna Simon van der Stel ne ya kafa garin a 1679. Manyan gonaki suna da ma'aikatan tarbar baƙi kullum. A gonar iyali kuwa, sau da yawa mai gonar ko ɗansa ne zai zagaya da kai, kuma shi ne ke haɗa giyar da hannunsa. Don haka a kira waya kwana biyu ko uku kafin zuwa. Wasu ba sa buɗewa ran Lahadi.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Ana girbi daga ƙarshen Janairu zuwa Maris, lokacin zafi ke nan a can. Da sassafe ake tsinke inabin, domin idan rana ta dafa shi yakan fara tsami a kwando tun kafin a matse. Ganin aikin yana da daɗi, sai dai masu gona ba su da lokacin hira. Daga Yuni zuwa Agusta sanyi ne da ruwan sama, kurangar ta zubar da ganye, ana datse rassa. Wanda ke son ya yi tambaya ya sami amsa a natse, lokacinsa ke nan.

Me za a gani a rumbun, wato ɗakin da ake haɗa giyar a ajiye?

Jan inabi ana barin sa ya tsima tare da ɓawonsa, daga nan launin ke fitowa. Farin kuma matse shi ake yi a ware ruwan tukuna. Yis ne ke cinye sukarin ya mayar da shi barasa, yana fitar da iskar carbon dioxide. Kada a tura kai cikin tankin da ke tsimawa, wannan iskar tana sumar da mutum. Daga baya ana zuba giyar a gangunan itacen oak masu cin lita 225, wato kusan kwalba 300. Za ka ji ana ta ambatar Pinotage: irin inabi ne da Abraham Perold ya samar a Stellenbosch a 1925.

Wanda ba ya shan giya fa?

Zagayen gona da rumbu bai tilasta wa kowa sha ba. A faɗa tun a waya, don wasu gonakin suna da ruwan inabi marar barasa. A tambaya game da abinci, saboda naman alade da miyar da aka dafa da giya ba baƙi ba ne a can. Musulmi da yawa ba sa zama a teburin da ake sha, sai su tsaya a zagayen gona kawai.

Wane kuskure baƙi suka fi yi?

Shafa turare mai ƙarfi, don yana hana masu ɗanɗanawa jin ƙamshin abin da ke cikin kofi. Sai tsinkar inabi a ci ba izini, alhali ana fesa wa kurangar magani. A sa takalmi rufaffe, ƙasan rumbu jiƙe take. Wanda ya sha kada ya tuƙa mota, dokar ƙasar ta ƙayyade barasa a jinin direba ƙasa da giram 0.05 cikin mililita 100. Kwalbar da aka bari a mota cikin rana kuma takan lalace, marfin toshiyarta ya turo waje.