Shin Aikin Hukumar Kare Yara a Amurka Ƙwace 'Ya'ya Ne Kawai?

An daɗe ana faɗa a majalisu cewa a Amurka da ka tsawata wa ɗanka, hukuma za ta zo ta ɗauke shi. Gaskiya ne ana raba yaro da iyayensa idan rayuwarsa na cikin haɗari, kuma sai maganar ta je gaban alƙali. Amma wannan ɓangare ɗaya ne kawai na aikin.

Kusan kashi uku cikin huɗu na yaran da hukumomin can ke tabbatar da an cutar, sakaci ne ya same su: yunwa, rashin magani, ko barin jariri shi kaɗai a ɗaki. Sau da yawa talauci da gajiya ne a bayan hakan. Shi ya sa gwamnati ke zuba kuɗi a kan rigakafi.

Shirin da ya fi burge ni ya samo asali ne daga binciken wani masani mai suna David Olds a garin Elmira na jihar New York a 1977. Ma'aikaciyar jinya ke zuwa gidan mai cikin fari da ke fama da talauci, tun kafin haihuwa har yaron ya cika shekara 2. Takan zauna da ita, ta nuna mata yadda ake kwantar da jariri a rigingine, da yadda za ta ajiye shi ta ɗan huta idan kuka ya ishe ta, kada ta jijjiga shi. Aikin da kaka ko gwaggo ke yi wa mai jego a wajenmu ke nan.

A 2018 ma an yi dokar Family First, wadda ta ba jihohi damar kashe kuɗin tarayya wajen taimakon iyaye tun yaro yana gidansu.