Taurarin labo: yadda ake auna ɗakin gwajin jini, da abin da makin yake nufi

A watan Afrilun bara na raka goggona wani labo a nan Garwa, likita ya rubuta mata gwajin sukari da na ƙoda. Yaron da ya ɗebi jinin ya aje kwalbar a tire, kusa da wata kwalba irinta sak, duka biyun ba rubutu a jikinsu, ya juya yana amsa waya. Goggo ba ta yi boko ba, amma ta shekara talatin tana sayar da man gyaɗa a kwalabe. Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, wacce ce tawa a ciki?" Ya ce, "Hajiya, na sani, ta dama ce." Ta ce, "Damarka ko damata?" Ya yi shiru, sannan ya sake neman jijiya, aka sake ɗiba.

Ƙa'idar da zan yi bayani a kanta, in ka matse ta, tambayar Goggo ce: in ɗakin gwaji ya yi kuskure, yana da hanyar da zai kama kuskuren kafin ya isa ga mara lafiya?

Mu fara raba abu biyu da mutane ke cuɗawa. Izinin buɗe labo daban, shaidar inganci daban. Izini na Ma'aikatar Lafiya ne, wadda ke da sashen da ke kula da magunguna da ɗakunan gwaji a Yawunde, kuma ma'anarsa an yarda ka buɗe ƙofa ka yi aiki. Shaidar inganci kuwa tana da ma'auni na duniya mai suna ISO 15189, wanda aka fara fitarwa a 2003, aka sabunta shi a 2007 da 2012, na baya-bayan nan a 2022. Shi ya fayyace abin da ake bukata daga ɗakin gwajin asibiti, tun daga shigowar mara lafiya har zuwa lokacin da takarda ta isa hannun likita. Sai dai hukuncinsa biyu ne kawai, ko ka cika ko ba ka cika ba. Ga labon da ke fama da ɗaukewar wuta da ƙarancin ma'aikata, wannan kamar a ce da yaro ya hau rimi ne ba tsani.

Tsanin aka zo aka yi. A Janairun 2008 aka yi taro a Maputo, babban birnin Mozambik, inda ƙasashe da abokan hulɗarsu suka amince a ƙarfafa ɗakunan gwaji. A Yulin 2009 a Kigali, ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da Afirka ya ƙaddamar da tsarin hawa mataki-mataki, wanda daga baya aka sani da SLIPTA. Ƙungiyar ASLM ta masana gwaje-gwajen asibiti na Afirka, da aka kafa a 2011, ita ke tura masu tantancewa. Tare da shi akwai horon SLMTA na shugabannin labo, kuma a Kamaru asibitocin yanki na Buea da Bamenda suna cikin waɗanda suka fara shigarsa.

Yadda abin yake, masu tantancewa suna zuwa da takardar tambayoyi mai sassa 12, wadda a bugun 2015 jimillar makinta 275 ne. Ba sa karɓar "muna yi" da baki, sai an nuna a rubuce. Labon da ya samu ƙasa da kashi 55 cikin ɗari ba shi da tauraro. Daga 55 zuwa 64 tauraro ɗaya, 65 zuwa 74 biyu, 75 zuwa 84 uku, 85 zuwa 94 huɗu, daga 95 zuwa sama biyar. Mai taurari biyar ma bai zama mai shaidar ISO ba tukuna, an dai ce masa ya isa ya nema. Kuma shiga tsarin ba tilas ba ne, babu wanda za a rufe wa labo don ba shi da tauraro. Wannan, a ganina, shi ne raunin abin: wanda ya fi bukatar a duba shi shi ne ba zai taɓa gayyatar masu dubawa ba.

Sassan nan 12 sun haɗa da takardu, ma'aikata, na'urori, sayen kaya da ajiyarsu, tsaron lafiyar masu aiki da sauransu. Ba zan bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Inda ya fi shafar mu shi ne inda kuskure ya fi aukuwa, kuma ba cikin na'ura ba ne kamar yadda muke zato. A wani bincike da aka wallafa a 1997 daga asibitin jami'ar Paduwa a Italiya, an tarar kusan kashi 68 na kurakuran labo sun faru ne kafin a fara gwajin, kashi 13 a lokacin gwajin, ragowar bayan an gama. Wato galibin ɓarnar a gaban idonka ake yin ta, a kan bencin da kake zaune.

Shi ya sa ƙa'idar ta nace a kan abubuwan da kamar ba su taka kara sun karya ba. A tambayi mara lafiya sunansa, ya faɗa da bakinsa, a haɗa da wata shaida ta biyu kamar lamba ko ranar haihuwa, a kuma rubuta a jikin kwalba tun yana zaune. Ka tuna Aishatu Muhammadu nawa ke iya haɗuwa a layi ɗaya ranar Litinin da safe. Sannan a rubuta ƙarfe nawa aka ɗebi jinin, domin jini ba ya jira. In aka bar shi a kwalbar da ba ta dace ba, ƙwayoyinsa suna ci gaba da cin sukarin da ke ciki, yana raguwa da kusan kashi 5 zuwa 7 a kowace awa. Mai ciwon sukari da aka ɗebi jininsa a ƙauye da hantsi, aka ɗora wa ɗan moto, ya iso gari bayan azahar, takarda tana iya nuna sukarinsa ya fi yadda yake sauƙi. Haka in aka jijjiga kwalba ko aka zuƙi jinin da ƙarfi ƙwayoyin suka farfashe, sinadarin fotasiyam zai nuna ya hau alhali bai hau ba, likita ya shiga neman ciwon da babu shi.

Sai zafi, wanda mu a arewa muka fi kowa saninsa. Sinadaran gwaji da yawa ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. A Maris da Afrilu Garwa da Marwa suna haura digiri 40, kuma lokacin ne ruwan madatsar Lagdo, mai ba mu wuta, ke ja da baya, wuta ta yi ta ɗaukewa. Mai tantancewa zai nemi takardar da ke manne a ƙofar firji, inda ake rubuta zafinsa kullum. Na taɓa ganin irin takardar an cike ta tas da lamba 4 daga farkon wata har ƙarshe, da biro ɗaya, da rubutun hannu ɗaya. Firjin da bai taɓa motsawa daga 4 ba a garin da wuta ke wuni ba ta zo ba, ai waliyyi ne. Gogaggen mai tantancewa ya fi yarda da takardar da ta nuna ran da zafi ya kai 12, aka rubuta abin da aka yi da sinadaran.

Auna ingancin gwajin kansa kala biyu ne. Akwai ta cikin gida: kafin a taɓa jinin mutane, a gwada wani samfuri da aka riga aka san sakamakonsa, in na'ura ta kauce a tsaya a gyara. Akwai ta waje: a aiko wa labo samfurin da bai san amsarsa ba, ya gwada, ya mayar, a kwatanta da na sauran. Jarrabawa ke nan. Bayan haka ana son labo ya riƙa ƙirga wa kansa: cikin samfura ɗari nawa aka mayar don sun lalace, awa nawa sakamako ke ɗauka, sau nawa aka gyara takarda bayan an bayar, minti nawa aka yi kafin a kira likita in an ga sakamako mai haɗari, kamar jinin yaro ya yi ƙasa ƙwarai. Labon da littafin kurakuransa yake fari fat, ba wai ba ya kuskure ba ne, ba ya rubutawa ne.

Akwai abin da tauraro ba zai yi maka ba. Ba zai mayar da gwaji mai rauni ya zama mai ƙarfi ba. Kowa ya san hukuncin nan na "palu da taifot", wato zazzaɓin cizon sauro da taifot, da ake yanke wa kusan duk mai zazzaɓi. Gwajin Widal, wanda ake yi don neman taifot, in an yi shi sau ɗaya yana iya nuna alama a jikin wanda ya taɓa yin cutar tuntuni ko wanda wani zazzaɓin ke damunsa, ko da labon ya yi aikinsa daidai. Abin da ke tabbatar da taifot shi ne a raini ƙwayar cutar daga jini, gwajin da sai manyan wurare irin su Cibiyar Pasteur, wadda ke da reshe a Garwa. Haka ɗan gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro: yana iya ci gaba da nuna layi biyu, alamar akwai cutar, makonni bayan mutum ya warke, kuma in layin da ke kusa da harafin C bai fito ba, gwajin ya ɓaci, sai a sake.

Bugun 2022 na ISO 15189 ya jawo irin waɗannan gwaje-gwajen gefen gado cikin ƙa'idar, ya kuma ƙara wa mara lafiya ƙarfi: dole labo ya kasance da hanyar karɓar koke, ya kuma sanar da wanda abin ya shafa, inda ya dace, in an yi kuskuren da ya cutar ko ya kusa cutar da shi. Saboda haka ba rashin kunya ba ne ka nemi a rubuta sunanka a kwalba a gabanka, ko ka duba takarda ka ga suna, shekaru, rana da sa hannun wanda ya tabbatar. In ka ga takardar taurari a bango, duba shekarar da aka bayar, domin ta shekara biyu ce.

Goggo dai yanzu ba ta tashi daga benci sai an miƙo mata kwalbar ta gani. Ba ta iya karanta rubutun, ni take miƙa wa.