Goge tarihin laifi da rufe shi

Goge tarihin laifi ko rufe shi hanya ce ta shari'a da ke ba mutumin da ya gama wa'adin hukuncinsa damar cire sunansa daga rajistar masu laifi, ko a ɓoye bayanin daga idon jama'a. Dalilin samar da ita a fili yake. Mutum zai fito daga gidan yari, ya biya tara, amma bayan shekara goma ya je neman aikin gadi ko tuƙi, sai a miƙo masa takarda mai tambayar ko an taɓa yanke masa hukunci. Da ya amsa da e, shi ke nan, an ajiye takardarsa gefe. Haka abin yake wajen neman biza, hayar gida ko lasisin sana'a.

Gogewa da rufewa ba abu ɗaya ba ne. Idan an goge, ana share bayanin ko a ɗauke shi kamar ba a taɓa yi ba. Idan an rufe, fayil ɗin yana nan, sai dai galibi hukumomi irin su kotu da 'yan sanda ne ke iya duba shi.

A Ingila, dokar 1974 ta farfaɗo da masu laifi ta bi wata hanya dabam: ba a share komai, amma bayan wani lokaci laifin ya zama “wanda ya wuce”, mai shi kuma yana da ikon yin shiru a kansa wajen neman yawancin ayyuka. Tun daga Oktoban 2023, wanda aka ɗaure shekara ɗaya ko ƙasa da haka zai jira shekara 1 bayan ƙarewar hukuncin, mai ɗaurin da bai wuce shekara huɗu ba ya jira 4, wanda ya haura haka kuma 7. Manyan laifukan fyaɗe, ta'addanci da zubar da jini ba sa cikin wannan sassaucin na ƙarshe, kuma aikin koyarwa ko kula da yara yana buƙatar bincike mai zurfi.

A Afirka ta Kudu mutum ne ke nema da kansa a ma'aikatar shari'a, bayan shekara 10, idan hukuncin mai sauƙi ne, kamar tarar da ba ta wuce rand 20,000 ba. Dole ya haɗa da takardar shaidar 'yan sanda.

Matsalar tsarin nema ita ce talaka. Bai san da dokar ba, ba shi da kuɗin lauya, ga kunyar tono abin da ya binne. Wannan ne ya sa jihar Fensilbeniya ta Amurka ta kafa doka a 2018, mai sunan da ke nufin “wankakken allo”, inda kwamfutar kotu ke rufe ƙananan laifuka da kanta idan lokacin ya cika mutum bai sake laifi ba. Ba takarda, ba layi, ba roƙo. A cikin dukkan hanyoyin, wannan ce ta fi kaiwa ga waɗanda aka yi dokar dominsu, kuma jihohi irin su Yuta da Mishigan sun bi sahu.

A Najeriya hanyar da aka fi sani ita ce afuwa. Sashe na 175 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa wannan iko bayan ya tuntuɓi Majalisar Magabata, sashe na 212 kuma ya ba gwamnoni kan laifukan dokar jiha. Olusegun Obasanjo, wanda aka ɗaure a 1995 zamanin Abacha, ya samu afuwa daga Janar Abdulsalami Abubakar a 1998. Da Olu Falae, wanda ya yi takarar shugaban ƙasa da shi, ya ƙalubalanci zaɓen Obasanjo a 1999, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce afuwar ta mayar masa da haƙƙoƙinsa. A Afrilun 2022 ma an yi wa tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba afuwa, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce sosai. Sai dai afuwa alfarma ce da mai mulki ke yi wa wanda ya ga dama. Matashin da aka ɗaure wata shida kan satar waya yana ɗan shekara ashirin, da wuya sunansa ya kai teburin gwamna, alhali tambarin yatsunsa na iya kasancewa a rajistar 'yan sanda ta Alagbon a Legas, inda ake duba masu neman takardar shaidar kyakkyawan hali.