Mene Ne Algoridim, Kuma Ina Ruwansa Da Tarbiyyar Gida?

Algoridim kalma ce da ta yawaita a bakin masu zancen intanet, kuma ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. A wurin masana kwamfuta, tana nufin jerin matakan da na'ura ke bi ɗaya bayan ɗaya domin warware wata matsala. Amma idan ana maganar Facebook ko YouTube ko TikTok, abin da ake nufi shi ne tsarin da ke zaɓa wa mutum abin da zai gani da zarar ya buɗe wayarsa.

Wannan tsari yana lura da daƙiƙun da mutum ya ɓata a kan kowane bidiyo, da wanda ya maimaita, da wanda ya tura wa abokai, har ma da wanda ya wuce bai tsaya ba. Daga nan sai ya kwatanta ɗabi'arsa da ta miliyoyin masu kallo irinsa, ya kawo masa abin da yake hasashen zai riƙe shi. Shi ya sa maigida da uwargida da 'ya'yansu kan zauna a ɗaki ɗaya, suna amfani da manhaja ɗaya, amma kowa da duniyar da ake nuna masa, har uba ya ɗauka cewa wa'azi da labaran da yake gani su ne ɗansa ma yake gani.

Ba a musun amfanin wannan tsari, domin ɗalibin da ke neman darasin lissafi zai samu an jero masa wasu darussan, kuma ƙaramin ɗan kasuwa yakan kai ga masu saye da bai taɓa sani ba. Iyakarsa ita ce yana auna abin da ke jan hankali ne, ba shi da ma'aunin abin da ke gyara hali. Mafi yawan kuɗin shigar waɗannan kamfanoni daga talla yake fitowa, saboda haka daɗewar mai kallo riba ce gare su, kuma abin da ke tunzura fushi ko sha'awa ya fi nasiha saurin riƙe ido. A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin ya san manhajarsa ta Instagram na cutar da tunanin wasu 'yan mata masu tasowa. A 2024 kuma majalisar Ostareliya ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar asusu a manyan kafofin sada zumunta.

A ganina doka ba ta shiga ɗaki, domin yaro yakan karɓi wayar mahaifiyarsa ba tare da ya buɗe asusu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada kallon allo na yaro mai shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana. Bayan ƙayyade lokaci, iyaye na iya kashe saitin da ke kunna bidiyo na gaba da kansa, su riƙa duba tarihin kallo, su kuma zauna tare da yaron su ga irin abin da ake turo masa, tunda daga abin da ya kalla jiya ake zaɓa masa na yau.