Wai Attaura ramuwa kawai ta sani?

Da yawa mun taso muna jin wai Attaurar Bani Isra'ila babu sassauci cikinta, ido a bakin ido kawai. Eh maganar tana cikin Attaura, Littafin Fitowa 21:24, amma hukuncin gaban alƙali ne, iyaka aka sa don kar wanda aka fasa wa ido ya je ya ɗau rai. Littafin Firistoci 19:18 ma cewa yayi kar ka rama kar ka riƙe mutum a zuci, kai har jakin maƙiyinka in ka ganshi ya faɗi da kaya, Fitowa 23:5 tace ka tsaya ka taimaka. In an yanko muku aya ɗaya ku karanta surar gaba ɗaya, akwai fassarar Hausa. Don Allah a tura ma wasu.