Ciwon Waswasi

Ciwon waswasi, wanda likitoci ke kira TOC da Faransanci, OCD kuma da Turanci, larura ce ta ƙwaƙwalwa mai fuska biyu: mugun tunani ko shakka da ke faɗo wa mutum ba da son ransa ba, da kuma aikin da yake ta nanatawa domin ya kwantar da fargabar da tunanin ya tayar. Ana kiyasin cewa yana samun kimanin mutum 2 cikin 100 a tsawon rayuwa, kuma galibi yakan fara ne kafin shekara 25.

A Maradi, kamar sauran ƙasar Hausa, ciwon yakan bayyana ta fuskar tsarki da salla. Akan ga mutum ya ƙarar da buta uku a alwala ɗaya, ko ya yi ta maimaita kabbarar harama har liman ya yi ruku'u. Wani ɗan kasuwa ne da zai kulle shago, ya kama hanyar gida, sannan ya komo sau biyar yana jijjiga kwaɗo. Wata kuma mai jego ce da tunanin cutar da jaririnta ke addaba, alhali ba abin da take ƙi kamar hakan, kuma kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Mafi yawan masu ciwon sun san abin ya wuce kima, dainawar ce ta gagara, saboda haka kuskure ne a kira shi hauka. Likitoci suna ɗaukarsa ciwo idan yana cin fiye da awa guda a rana ko yana hana mutum harkokinsa.

Ba a danganta shi ga sanadi guda. Yakan bi jini a wasu gidaje, kuma bincike ya nuna hannun serotonin, wani sinadari mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, da kuma hanyoyin saƙo tsakanin gaban ƙwaƙwalwa da cikinta.

Maganin da ya fi inganci shi ne horon da masani Victor Meyer ya bayyana a Landan a 1966: a fuskantar da majinyaci abin da yake tsoro sannu a hankali, ya kuma daure ya ƙi yin aikin da ya saba. Mai shakkar alwala zai yi ta sau ɗaya ya tashi, zuciyarsa na dukan uku-uku, har fargabar ta lafa da kanta. Abin lura shi ne fiƙihun Malikiyya ya daɗe da irin wannan hukunci, domin Ahalari, da ake karantawa a zaurukan malamai, ya ce mai waswasi ya yi watsi da shakkarsa, kada ya kawo abin da ya yi kokwanto a kansa, sai dai ya yi sujadar ba'adi.

Akwai kuma ƙwayoyi irin su fluoxetine, sertraline da clomipramine, waɗanda likita kaɗai ke rubutawa. Sukan ɗauki sati 8 zuwa 12 kafin amfaninsu ya fito sosai, kuma yanke su farat ɗaya yakan dawo da ciwon. Ƴan uwa ma suna da rawar takawa, ko da yake tausayi kan sa su kuskure: duk lokacin da majinyaci ya ce "Inna, kin tabbata na wanke hannuna?" aka amsa masa, hankalinsa zai kwanta na ɗan lokaci, amma gobe tambayar za ta ƙaru.